Na Yamma Nike So

Tabita ba ta taɓa shakkar cewa aikin zai yiwu ba. Tsoronta ɗaya ne, kada kamiyoyi, manyan motocin ɗaukar dutse, su riga ta.

Shekarar 1997 ce, tsakiyar bazara, lokacin da iskar Madawa take busowa kamar daga bakin tanda. Furojen da take yi wa aiki, mai gyaran ƙasa da tare ruwa a kwaruruwan Adar, ya yanke shawarar gina shingen duwatsu a ƙoramar da ke bi ta gefen Gidan Jima. Manufar kyakkyawa ce. Idan ruwan sama ya gangaro daga tudu a guje, shingen zai tare shi ya baza shi cikin fadama, ƙasa ta sha ta ƙoshi, masu noman albasa su samu ruwa a rijiyoyinsu har ƙarshen rani. An riga an zaɓi wurin, ɗan ƙasa kaɗan da garin. An riga an yi magana da direbobi. Litinin ta sama za su fara zuba dutse.

Amma Tabita ta san wurin nan da tafin ƙafarta. Gidan Jima ne garin mahaifinta kafin ya tafi aiki asibitin mishan ya zauna can, kuma kakarta Balki tana nan har yanzu a unguwar gangare, a gidan da ya fi kowanne kusa da ƙorama. Ranar da aka nuna mata inda za a yi ginin, ta tsaya ta dubi bakin ƙoramar, ta waiwaya ta hangi rumbunan kakarta, sai ta hango matsalar. Ruwan da aka tare ba ya tsayawa wuri ɗaya. Baya yake komawa ya nemi inda ya fi kwari, kuma a duk yankin babu inda ya kai unguwar nan kwari.

Ta biya ta gaya wa tsohuwar. Ta same ta a inuwar zana tana sheƙe irin albasa.

"Inna, in anka gina shingen ga, ina tsoron ruwa shi shigo maki ɗaki."

"Shi shigo mana, ƙawata, ai ba baƙo ba ne," in ji Balki, ko kai ba ta ɗaga ba. "Nan anka kawo ni amarya, nan ni haihi ubanki. Ke da kinka yi karatun lakwal har Yamai, sai ki tai ki yi mai magana da Faransanci."

Tabita ta yi dariya, amma hawaye ne suka raka ta har bakin hanya.

Washegari ta shiga biro, wato ofishin Darakta Abdurrahman, shugaban furojen, mutum mai furfura a gemu wanda ba ya ɗaga murya kuma ba ya son a maimaita masa magana.

"Da ido kinka gani ko da lissahi?" ya tambaye ta.

"Da ido, Mushe Darakta," ta ce, tana yi masa ranka-ya-daɗe irin na Faransanci.

"To waɗanda sunka zaɓi wurin su ma idanu gare su, kuma sun girme ki. Kawo mani lissahi in tsai da kamiyo. In babu, ba ni da abin da za ni gaya ma mutanen da ka jiran ruwan ga tun bara."

Gaskiya ya faɗa, ta kuma sani. Matsalar ita ce lissafin ya fi ƙarfin ordinater, wato kwamfutar biron Madawa. Kafin injin ya nuna inda ruwa zai bi, dole a yanka kwarin gaba ɗaya gida-gida kamar dara, a bi kowane gida a auna abin da ya shiga da abin da ya fita, tun daga ɗigon farko har ruwan ya janye. Ta gwada. Injin ya yi ta gurnani, ya cika, ya ce ba shi da sauran wuri. Ko da ya ɗauka, sai gero ya fitar da kai kafin ya gama.

Sai dai Tabita mai karatu ce tun tana ƙarama, irin wadda ake ƙwace wa littafi a sa mata kwanon tuwo a hannu. A jami'a ta karanta a mujallu yadda masu bincike a ƙasashen nesa suke haɗa injuna da ke garuruwa dabam-dabam su yi lissafi guda tare, kuma tun a lokacin abin ya shiga ranta kamar waƙa. Furojen nan kuwa yana da injuna uku, ɗaya a Madawa, ɗaya a Buza, ɗaya a Keita, kowanne da wayar tarho a gefensa.

"Gayya za mu yi, Mushe Darakta," ta ce, idanunta suna walƙiya. "Gona guda, manoma ukku. A raba kwarin kashi ukku, kowane inji shi kama nashi, su yi aiki lokaci guda. In sun kai ƙarshen zango su tsaya, kowa shi gaya ma maƙwabcinshi yawan ruwan da ad da shi bakin iyaka, sannan a sake dukawa."

"Su gaya ma juna da wane baki?"

Ta nuna masa modem, ɗan akwatin da ke mai da lissafi kuka ya tura shi ta wayar tarho.

Darakta ya daɗe yana kallon akwatin. "Kin taɓa ganin an yi?"

"A'a. Amma na san za shi yiwu."

"To Allah shi taimaka. Litinin dai Litinin ce."

Haka aka raba. Ƙoramar daga gabas take tasowa ta gangara yamma. Kan kwarin, wato gabas, aka ba Yoshuwa da ke Keita. Tsakiya aka ba Malam Surajo da ke Buza. Ita Tabita ta riƙe wutsiyar, inda garin yake da wurin shingen. Malam Surajo ne kaɗai mai maƙwabta biyu, saboda haka a ƙarshen kowane zango injinsa yana fitar da saƙo biyu, na ɗaya gefen gabas na Yoshuwa, na biyu gefen yamma na Tabita. Ta zagaya a gaggauce ta saka wa kowa tsarin a injinsa, ta yi bayani da sauri kamar mai tsoron mota ta bar ta, ta dawo.

Layin waya kuwa ba a samunsa yadda ake so. Da rana na gwamnati ne da ƴan kasuwa. Madam Salima, wadda ke haɗa layuka a gidan waya na Madawa, ta yarda ta riƙa ba su sau biyu a yini, da safe kafin a buɗe biro-biro, da kuma marece bayan an tashi. Zango biyu ke nan kowace rana. Tabita ta lissafa ta ga za su gama ranar Alhamis, har da saura.

A safiyar farko ta buɗe saƙon Buza ta duba da kanta, sai ta ga gefen gabas ne aka turo mata. Ta ɗaga waya. Layin yana ta ƙara kamar ana suyar gyaɗa.

"Baba Surajo, ba wanga ba ne! Na yamma nike so!"

"Na me, Injiniya?" Malam Surajo dattijo ne, tsohon ma'aikacin awon ƙasa, ɗan Damagaram da ya yi ƙuruciyarsa a Kano wurin kawunsa, har yau kuma bakinsa bai bar can ba.

"Na yamma! Kullum na yamma za ka riƙa turo mani!"

"Na yamma. To, na ji. Kullum?"

"Kullum!"

"Har da safe?"

"Har da sahe, Baba!"

"To, ikon Allah. Yadda kika ce haka za a yi."

Layin ya yanke. Daga ranar ba ta sake buɗe saƙonsa ba, domin ta shirya injin ya riƙa haɗiyewa da kansa, ita kuma ta mai da hankali kan nata kason.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata daɗi irin wanda ba ta taɓa ji ba. Da asuba takan shiga biro, ta cire ƙyallen da ke rufe da injin, ta jira ƙarar waya. Sai akwatin ya fara kukansa, siriri da farko, sannan ya kece kamar ɗan akuyan da aka raba da uwa, ita kuwa a kunnenta babu kiɗan da ya kai shi. Takan rufe ido ta ga saƙon yana gudu bisa turakun waya, yana ƙetare duwatsun Adar da garken raƙuma da matan da ke dawowa daga rijiya, ba wanda ya san cewa ruwan damina ne ke wucewa ta bisa kansa tun kafin hadari ya haɗu. Injuna uku, kowanne a ɗakinsa, a garinsa, suna tunani guda! Wani lokaci har sai ta dafe ƙirji.

Da marece kuma, bayan an gama musayar, takan kira Keita ta ji ko komai lafiya. Ita da Yoshuwa tare suka tashi a gidajen ma'aikatan asibiti, tare suka yi waƙa a majami'a, kuma kowa ya san inda maganarsu ta dosa ban da su biyun da ke yi kamar ba su sani ba.

"Injinka lahiya?" takan ce.

"Shi lahiya lau. Mai injin ba a tambaya tai?"

"Mai injin ai ba shi cikin lissahina."

"To ki sa shi. Kin lura kuwa? Duk abin da ni aiko maki sai ya bi ta hannun Baba Surajo. Ko neman aure iyakar abin da aka yi ke nan."

"Yoshuwa! Layin gwamnati na hwa."

"Awo, na gwamnati na," muryar Madam Salima ta faɗo tsakaninsu. "Ku bar mata abinta haka nan, ku aje sauran ma fasto."

Ranar Alhamis da marece zangon ƙarshe ya kammala. Tabita ta kira Darakta, suka tsaya gaban injin, taswirar kwarin ta fito, shuɗin ruwa ya fara bazuwa a bayan shingen. Ya bazu, ya cika fadama, ya matso wajen garin, sannan ya tsaya can nesa, ko lambunan bakin unguwa bai taɓa ba.

"Kin gani?" in ji Darakta, da murya mai taushi. "Ki yi murna, ɗiyata. Gidan kakarki ya tsira, masu albasa sun samu ruwa, ke kuma kin yi abin da ba a taɓa yi ba ƙasar ga. Wa ya hi ki riba?"

Ta yi ƙoƙarin murnar. Ta yi godiya, ta rufe injin, ta tafi gida ta ci abinci. Amma ta kasa daina tunanin taswirar. Tana yarinya ta ga ƙoramar nan ta ɗauko gawo da saiwarsa tana juya shi kamar muciya. Ruwan da ta gani a taswira ko jaki ba zai kayar ba.

Da safiyar Juma'a ta koma, ta bar taswirar, ta sa injin ya zana mata ruwan da ya riƙa shigo mata daga Buza, zango bayan zango. Ya kamata zanen ya hau a hankali kamar tudu, ya sauka kamar tudu. Abin da ta gani matakala ce. Da marece ruwan ya hau. Da safe ya tsaya cik daidai inda ya kwana, ko ɗigo bai ƙaru ba. Marece ya sake hawa, safiya ta sake tsayawa. Haka har ƙarshe.

"Wace ƙorama ce ka hutun sahe?" ta ce da ƙarfi, ita kaɗai a ɗakin.

Layi ba zai samu ba sai marece, ita kuwa ba ta da haƙurin jira. Ta ɗaure kallabinta tamau, ta ja moton furoje, wato babur, ta kama jar hanyar Buza. Duwatsu suna tsalle daga ƙarƙashin taya, rana tana dukan bayanta, amma zuciyarta wasai take. Injin bai yi ƙarya ba, tsarin ma bai karye ba. Wani abu ne ya shiga tsakani, kuma duk abin da ya shiga ana iya fitar da shi.

Ta tarar Malam Surajo ya tafi masallaci. Ta zauna a dakalin biro har ya dawo da buzunsa a kafaɗa.

"A'a, Injiniya! Da wannan ranar? Lafiya dai?"

"Lahiya lau, Baba. So nike ka gwada mani abin da kake turo mani."

Ya buɗe ɗakin, ya tada injin, ya gyara tabarau, yana ɗan alfahari da tsabtar aikinsa. "Ga su nan a jere. Waɗannan na safe ne, ban taɓa turo miki ko ɗaya ba tun da kika hana. Waɗannan kuma na yamma, na bayan la'asar. Su nake turowa. Da safe in kin kira sai in sake turo na yammacin jiya, kamar yadda kika ce. Na yi mamaki dai, amma na ce masu ilimin zamani sun san dalilinsu."

Tabita ta tsaya baki buɗe.

"Baba... yamma hwa ni ce. Yamma! Inda rana ka faɗuwa!"

"To ai lokacin faɗuwar tata nake nufi."

"Wannan ai marece na!"

"A wurinku, Adarawa. Mu inda na tashi, in rana ta yi sanyi yamma ta yi." Ya dubi injin, ya dube ta, a hankali fuskarsa ta sauya. "Tsaya. Gefe kike nufi? Gefen yamma na kwarin?"

"Shi hwa. Saƙo na biyu."

"Na biyun nan? Inna lillahi! Ni ai na ɗauka kwafi ne. Shekara nawa ina aikin biro, duk takardar da ta fito biyu, ta farko a aika, ta biyu a adana. Ga su can na adana miki su tsaf, ko ɗaya bai ɓace ba."

Sai a lokacin ta gane komai. Duk makon nan gefen gabas yake turo mata, ruwan da ya shiga kasonsa daga sama tun kafin ƙananan ƙoramu su zubo su ninka shi, kuma rabinsa ma kwantai ne na jiya. Dariya ta kama ta. Ta yi ƙoƙarin dannewa saboda girman dattijon, ta kasa, ta zauna bisa buhun siminti tana yi har da hawaye.

Malam Surajo bai yi dariya ba. Ya cire hula ya riƙe a hannu. "Na ɓata miki aiki, ƴata. Gidan mutane ne a ciki."

"Mu biyu munka ɓata shi, Baba. Ni na sa masu suna ɗaya da biyu kamar tagwaye, kuma har ka tambaye ni ko har da sahe, ni ce maka awo, har da sahe." Ta share ido ta miƙe. "Kuma mu ukku za mu gyara shi. Zauna ka gani."

Ta ja kujera gaban injin. Da farko ta sauya sunayen, gefen gabas ya koma Tudu, gefen yamma ya koma Gangare.

"Gangare dai ba shi da wata ma'ana Kano, ko?"

"Ko a Makka gangare gangare ne," ya ce, murmushi ya ɗan dawo masa.

Sannan ta duba tsawon lokacin da kowane inji yake ɗauka. Na Buza ne tsoho a cikinsu, kullum shi ake jira, na Keita kuwa sabo ne, yakan gama ya zauna banza. Ta yanki wani ɓangare na kason Malam Surajo ta shirya a tura wa Yoshuwa, don duka ukun su riƙa kaiwa ƙarshen zango kusan tare. Saura abu guda, wanda ya fi komai wuya. Asabar da Lahadi kawai suka rage, kuma zango biyu a yini ba zai kai su ko'ina ba.

Kafin magariba tana gaban Madam Salima a gidan waya, jar ƙasa har gira.

"Tanti, daga azahar ta gobe biro-biro rufe suke har Litinin. Ki ba mu layin duk sanda munka nema."

"Ke, ni ba ni da gida? Ba ni da miji?"

"Kakata na can unguwar gangare, Tanti. In lissahin ga bai hito ba, dutse za a zuba."

Madam Salima ta dube ta sama da ƙasa, ta ja tsaki, ta gyara abin kunnenta. "Ki zo mani da goro mai kyau. Kuma in ni ji wata hira wadda ba ta ruwa ba, ni da kaina za ni kai ma uwarki labari."

Abin da aka yi a kwana biyun nan ba aikin biro ba ne, gayya ce ta gaske. Inji ya gama, waya ta yi ƙara, akwati ya yi kuka, a sake dukawa. "Gangare ya taho!" Malam Surajo yakan yi shela, kamar mai kiran fasinja a tasha. "Tudu ya iso!" Yoshuwa ya amsa daga Keita. A kowane zango Tabita takan sa dattijon ya karanto mata yawan ruwan da ya bar hannunsa, ta gwada da wanda ya iso nata, sai sun yi daidai a wuce gaba. In lokacin salla ya yi, injuna biyu su jira na Buza. Da safiyar Lahadi kuma Malam Surajo ya zauna yana jan carbi har aka taso daga sujadar majami'a a Madawa da Keita. Sau ɗaya iska ta taso layin Keita ya mutu, kowa ya tsaya cik, domin babu mai iya yin gaba ya bar ɗan'uwansa a baya. Tabita ta yi ta zagaya ɗakin tana addu'a a fili, har muryar Yoshuwa ta dawo tana cewa, "Kin yi kewata, ko ta injin?"

"Tura saƙonka, malam!"

Lahadi da la'asar sakaliya zangon ƙarshe ya faɗo. Ta buɗe taswirar ita kaɗai. Shuɗin ya taru a bayan shingen, ya cika fadama kamar wancan karon. Amma bai tsaya ba. Ya haye lambuna, ya shafe rijiyar unguwa, ya bi lungu yana lalube kamar mai neman gidan da ya sani. Ta sa yatsa a kan ɗigon da ke matsayin gidan kakarta, ta ga shuɗin ya zo ya rufe shi. Ta nemi zurfin wurin. Har ƙugun babban mutum.

Ta yi zaton in gaskiyarta ta fito za ta yi tsalle. Sai ga ta ta kifa kai bisa tebur tana kuka, kamar ruwan ya riga ya shiga, kamar tana ganin ƙwaryar irin albasa tana yawo a tsakar gida. Da ta gama ta wanke fuska, ta buga taswirar a takarda.

Litinin da sassafe kamiyoyi suna jere a ƙofar furoje, an cika su da dutse, direbobi suna shan shayi a gindin taya. Darakta Abdurrahman ya karɓi taswirar, ya ajiye ta kusa da ta Alhamis, ya dubi wannan ya dubi waccan.

"Inji guda, mutum guda, amsa biyu," ya ce. "Don mi za ni yarda da ta yau in bar ta Alhamis? Ko don ita ce kike so?"

"Ba ni son ta, Mushe Darakta. Da ta Alhamis ce gaskiya da na hi kowa murna." Ta gaya masa abin da ya faru, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. "Kuma kada ka yarda da bakina. Ga waya. Ka kira Buza, ka zaɓi zangon da kake so, Baba Surajo shi karanto ma ruwan da ya hita hannunshi, kai kuma ka duba wanda ya shigo nawa. Ka yi ma ta Alhamis haka, ka yi ma ta yau."

Ya kira. Ya zaɓi zango daga farko, daga tsakiya, daga ƙarshe, yana bi da yatsa. A lissafin Alhamis babu inda suka haɗu. A na yau ko ɗaya bai saɓa ba. Ya ajiye wayar a hankali.

"Yamma da marece," ya ce, yana girgiza kai. Ya leƙa ta taga ya kira babban direban. "Almu! Ku juye dutsen nan cikin gida. Ba inda za a tai yau."

"Mu juye? Mushe Darakta, da hannu hwa anka loda shi!"

"Da hannu za a sake lodawa in lokaci ya yi."

Ya juyo ga Tabita, fuskarsa ba fara'a ba fushi. "Kin tsai da kamiyo. Amma akwai mutanen da ni yi ma alkawalin ruwa bana, kuma ba ni za ni tai in gaya masu ba. Ke za ki tai. Injunan ukku naki na har ki samo mani wurin da ba shi cin kowa."

Kafin rana ta take tana ƙofar gidan maigarin Gidan Jima, maza sun taru a inuwar bedi. Ta shimfiɗa taswirar bisa tabarma ta danne kusurwoyin da tsakuwa, ta nuna musu rijiyar unguwa, ta nuna musu inda ruwa zai kai. Wasu suka yi salati. Wasu suka matso suka duƙa bisa takardar. Wani manomi mai suna Mato, wanda gonarsa ke tsakiyar fadama, ya miƙe tsaye rai a ɓace.

"To mun ji. Unguwar gangare ta tsira. Mu kuma hwa? Rijiyata ƙasa nike kwasowa tun watan jiya. In ba nan ba, ina?"

"Ban sani ba tukuna, Kawu," in ji Tabita, ta dube shi ido cikin ido. "Akwai wuri biyu can ƙasa da nike zato, inda bakin ƙorama ya matse. In na samu awonsu yau, gobe injuna su kama aiki, kuma kahin hadarin hwari za ku ji amsa. Sai dai awo na son mutum biyu, guda shi riƙe sanda, guda shi duba."

Mato ya dubi maigari, ya dubi doguwar sandar awo da ke ɗaure a bayan moto. Ya yi ƙwafa, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya je ya kwance ta ya saɓa a kafaɗa.

"Wuce gaba," ya ce. "Kuma ki yi sauri, rana na yi."

Suka gangara cikin busasshiyar ƙoramar, yashi yana ƙona musu ƙafa, tana gaba yana biye.